Ƙarar da Ta Fi Ƙarfin Mai Ita

Alhaji Sabitu da Malam Ilyas maƙwabtan shago ne a unguwar London ta Libreville, bango ɗaya ne ya raba su. Alhaji yana sayar da shinkafa da mai da gwangwanaye, Malam Ilyas kuma robobi da bokitai da tukwane. Tare suka baro Kano suna samari, jirgin ruwa ɗaya ya wahalar da su daga Kalaba, kuma tun da suka taka ƙasar Gabon ba su daina faɗa ba. Faɗan nasu irin wanda 'yan unguwa suka gaji da juyowa su kalla ne. A yi cacar baki da hantsi, a ci abinci a kwano ɗaya da azahar.

A daminar nan Malam Ilyas ya yi sabuwar rumfa, sai mai walda ya juya bakin indararon ya fuskanci ƙofar Alhaji. Wanda ya san ruwan Libreville ya san ba wasa yake sauka ba. Alhaji ya yi magana, Malam Ilyas ya ce za a gyara. Ya sake yi, aka sake cewa za a gyara. Ranar da ya buɗe shago ya tarar da gindin buhunan shinkafa ya jiƙe sharkaf, bai ƙara neman bakin kowa ba. Ya ɗauko ƙarfen da yake janyo ƙofar shago da shi, ya hau dukan indararon kamar ya kama ɓarawo. Malam Ilyas ya fito, magana ta yi zafi, aka tono abubuwan da suka girmi 'ya'yansu, Alhaji ya kai hannu ya ci kwalar abokinsa.

A daidai nan Taufiƙ ya sauko daga taksi.

Taufiƙ shi ne babban ɗan Malam Ilyas, haihuwar Libreville. Alhaji Sabitu ne ya yi masa huɗuba, shi ya sayi ragon sunan a lokacin da uban ba shi da hali, kuma yaron ya tashi yana kiransa Baba. Ya yi karatu da Faransanci har ya ƙware a harkar fiton kaya, sannan ya sha yawon neman aiki har takalminsa ya suɗe. Sai a watan nan wani kamfanin jiragen ruwa a tashar Owendo ya ɗauke shi. Farkon wata zai fara. Abu ɗaya ya rage ya kai musu, takardar kotu mai shaida cewa ba a taɓa yanke masa hukunci ba. Duk unguwa ta san da maganar, domin Malam Ilyas bai bar wanda bai gaya wa ba.

To, ɗa ya ga wuyan ubansa a hannun wani. Bai mari Alhaji ba, bai naushe shi ba. Ɓamɓare hannun ya yi, ya ture shi gefe. Siminti kuwa jiƙe yake. Alhaji ya tafi da baya, ya tare da hannun dama, wuyan hannun ya ce ƙas.

Karayar ta yi ciwo, amma ba ita ta fi cin ran Alhaji ba. Hularsa ce ta gangara ta faɗa kwata, kuma matan da ke sayar da ayaba a tsallaken titi sun gani, har wata ta toshe baki tana dariya. Daga asibiti, hannu a ɗaure a rataye a wuya, ko gida bai biya ba. Komisariya, ofishin 'yan sanda, ya wuce da takardar likita, ya shigar da ƙara, ya sa hannu da hagu. Kafin la'asar 'yan sanda sun zo sun tafi da Taufiƙ.

Kada wani ya ɗauka Alhaji mugu ne. Wallahi ko a mafarki bai nufi yaron da ɗauri ba. Abin a shirye yake tsaf a kansa, yadda ya sha gani ana yi a Fagge tun yana ƙarami. Yaro ya kwana a kan siminti ya ji yadda duniya take. Dattawa su zo ban haƙuri, mutum ya sha kunu ya ce ransa bai huce ba. Su dawo da liman, ya ɗan sassauta. A karo na uku uban yaro ya zo da ƙafarsa, sai a ce an yafe duniya da lahira, a shafa fatiha, a ɗunguma ofishin 'yan sanda a karɓo yaro. A wajen Alhaji, wanda ya yafe tun zuwan farko kamar ya shaida wa jama'a ne cewa hannunsa ba a bakin komai yake ba. Dole a ja aji.

Mutum ɗaya ce a gidan ta ga inda aka dosa, 'yarsa Nazira, wadda ke shekarar ƙarshe ta karatun shari'a a jami'a. Ta same shi a tsakar gida yana kishingiɗe, ta durƙusa.

"Baba, don Allah ka je ka janye yau ɗin nan."

"Yau? Ko ƙafar dattawa ban gani ba."

"Baba, nan ba Fagge ba ne. Kwana biyu 'yan sanda za su riƙe shi, daga nan sai su miƙa dosiye, wato takardun ƙarar, ga procureur. In ta isa can, ta fita daga hannunka."

"Wane ne kuma haka?"

"Mai shigar da ƙara na gwamnati."

Alhaji ya dube ta sama da ƙasa. "Gwamnati aka karya wa hannu ko ni? Ni na kai ƙara da ƙafata, ni zan je na ɗauko abata. Tashi ki ba ni wuri, karatun naku ya fara taɓa miki kai."

Dattawa suka zo bayan la'asar, su huɗu, da goro a leda. Alhaji ya karɓe su da fuska a murtuke, ya ɗaga musu hannun nan fari fat su gani da kyau. Ya ce yaron da ya yanka wa rago ne ya kayar da shi a gaban arna da Musulmi, zuciyarsa ba ta sauko ba tukuna. Dattawan ma ba su ji komai ba, sun san hanya. Suka ce Allah ya huci zuciyar Alhaji, gobe ma rana ce.

Washegari suka dawo da Liman Abdulƙahar. Liman ya yi nasiha mai ratsa jiki a kan haƙuri da haƙƙin maƙwabtaka, Alhaji yana gyaɗa kai, har ya ji idonsa ya kawo ruwa. Saura kaɗan ya furta. Sai ya duba tabarma daga wannan bakin zuwa wancan, bai ga Malam Ilyas ba.

"Shi Ilyas ɗin ƙafa ce ba shi da ita?"

Aka ce yana can bakin komisariya tun asuba, yana neman a bar shi ya miƙa wa ɗansa abinci. Alhaji ya ce to idan ya gama sai ya tuna da hanyar gidan nan. Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara, wani ɗan sanda ne yake tambaya ko har yanzu yana kan ƙararsa. Alhaji ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce da Faransancinsa na kasuwa yana nan daram a kanta. Nazira tana bayan labule, ta ɗora hannu a ka.

A rana ta uku da hantsi Malam Ilyas ya zo. Mutumin da tun suna samari bai taɓa russuna wa Alhaji ba, ya cire takalmi, ya durƙusa a gabansa, ya ce, "Sabitu, ka dubi Allah." Nan take Alhaji ya ji duk fushin ya zube. Ya kamo shi da hannun hagu ya tayar da shi, ya ce ya yafe duniya da lahira, Taufiƙ ɗansa ne, ko hannu biyu ya karya masa ya ci bulus. Aka yi fatiha, aka raba goro, Hajiya Rakia matar Alhaji ta ce a dawo da yaron nan gidan ya ci abincin rana. Taksi biyu aka cika zuwa komisariya, Alhaji a gaban mota da sabuwar hula.

Ɗan sandan da ke kan tebur ya saurare su har suka gama, sannan ya ce ai an wuce da yaron kotu tun da safe, shi da dosiyensa.

Suka bi. A harabar kotu aka yi ta tura su daga wannan ƙofa zuwa waccan, Nazira a gaba tana tambaya. Kafin su gano ofishin da ya dace, an riga an gama. Ofishin mai shigar da ƙara ya ga takardar likita, ya ga dattijo ne aka karya, ya ga mai ƙara ya ce yana kan bakansa. Ya tuhumi Taufiƙ da laifin duka da raunatawa, ya tura shi babban gidan yari ya jira ranar shari'a.

Gidan Alhaji kuwa a Derrière la Prison yake, unguwar da sunanta ma ke nufin bayan kurkuku. Daga inda yake alwala yana hango katangar. Ya shekara da shekaru yana ganinta bai taɓa kula da tsayinta ba sai yanzu.

Haushi ya ishe shi. Ba kansa yake jin haushi ba tukuna, wannan sai daga baya. Haushin ƙasar yake ji da dokokinta. Mutum ya ce ya yafe, da bakinsa, a gaban liman, a ce wai bai isa ba? Ya sa Nazira ta rubuta takardar janye ƙara, ya dangwala hannu, suka kai. Aka karɓa da ladabi, aka buga hatimi, aka ce za a sa a dosiye. Ya tambaya to yaushe za a saki yaron. Magatakardan ya dube shi kamar ya tambayi yaushe za a rufe teku.

"Ki nemo min shi wannan procureur ɗin, ido da ido," ya ce wa Nazira. "Mutum ne ai, ba aljani ba."

Ranar da za su je, ta tarar ya sa an ɗauko kwalbar turare mai tsada da shadda ɗinki guda an naɗe a leda.

"Baba, wannan fa?"

"A je wajen babba hannu rabbana?"

"In ka ajiye wannan a teburinsu, yau a ɗaki ɗaya za ku kwana da Taufiƙ."

Ya ja tsaki ya ce a mayar. Ƙasar da yafiya ba ta aiki, kyauta ma laifi ce, shi bai san me ya zaunar da shi a cikinta ba.

Suka yi zaman benci daga hantsi har aka kira azahar a wayar Alhaji. Da aka shigar da su, ya ɗauka zai ga wani gabjejen dattijo mai furfura. Sai ya ga mace, da ƙyar in ta girmi Nazira da shekara goma, da tabarau, dosiye jibge a gabanta har sun kusa ɓoye ta. Ita ce mataimakiyar mai shigar da ƙara, ita shari'ar ke hannunta. Ta ba su kujera, ta tambayi jikin Alhaji, Nazira na fassara.

Alhaji ya gyara zama ya zuba bayani. Ya fara daga jirgin Kalaba, ya biyo ta ragon suna, ya zo kan liman da goro. Ya ce magana ta ƙare, sun sasanta a gida, a ba shi ɗansa.

Matar ta saurara ba ta katse shi ba. Sannan ta ce ta ga takardar janyewarsa, kuma za ta yi wa yaron amfani a gaban alƙali. Amma shari'a sai an yi.

"Ki tambaye ta, hannun wa aka karya?"

Nazira ta tambaya, ta juyo da amsa. "Ta ce naka ne, kuma kana da ikon yafe ciwonka da diyyarka. Amma dokar da ta hana a ture mutum a bakin titi har ya karye ba taka ba ce kai kaɗai, ta kowa ce. Ita kuma aikinta ta tsaya wa kowa ɗin."

"Kowa ɗin wa? Su fito na gan su! Waye a cikinsu ya rako ni asibiti?"

Wannan Nazira ba ta fassara ba, amma matar ta gane daga muryar. Ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce duk mako sai mata sun zauna a kan wannan kujerar da fuska a kumbure suna cewa sun yafe, mijin na tsaye a waje yana jira. Leburori sukan zo su ce sun janye, bayan mai gida ya kai musu ziyara. Idan da janyewar mai ƙara na kashe shari'a, da duk mai ƙarfi ya san gidan da zai je.

"Ni wa ya isa ya tilasta ni?" Alhaji ya buga ƙirji da hannun lafiya.

"Ta ce ta yarda babu. Amma doka ɗaya ce."

Sai matar ta buɗe dosiyen ta juya shafi, ta faɗi wata magana a hankali. Alhaji ya juya wajen Nazira.

"Me ta ce?"

"Ta ce, ranar da aka kawo shi, ofishinsu na da zaɓi. Da ta tarar kun sasanta, mai yiwuwa da ta ja masa kunne ta rufe maganar a nan. Amma abin da ta tarar a rubuce shi ne an kira ka a waya ka ce kana kan ƙararka. Yanzu magana na gaban alƙali, ita ma ba ta da ikon ɗauko ta."

Alhaji ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi, amma bai bari an gani ba. Ya miƙe ya ce sun gode.

A taksi ya dawo da ƙarfinsa. Ya ce wannan ai yarinya ce, a kai shi wajen ubangidanta. Ya tuna wani ɗan ƙanin mahaifiyarsa da aka taɓa gurfanarwa a gida, shari'a ta yi nisa, manya suka shiga tsakani, Antoni Janar na jiha ya aiko da takarda guda, alƙali ya rufe littafi kowa ya kama gabansa. "Nan ba su da Antoni Janar ne?"

"Akwai babba a samansu, Baba, amma ba irin na gida ba ne."

Ta yi ƙoƙarin warware masa. Ta ce asalin abin daga Turai ne. A da can wanda aka zalunta shi ke bin haƙƙinsa da kansa, marar dangi kuwa sai dai ya haɗiye. Sai sarakunan Faransa suka naɗa lauyoyi masu tsaya musu a kotu, da farko don kare dukiyar sarki, daga baya har da duk laifin da ya taɓa zaman lafiyar gari. Sarauta ta rushe, ofishin bai rushe ba, ya koma tsaya wa jama'a, kuma shi Faransawa suka kawo nan. Ingilishi ma suna da nasu lauyan sarkin, shi ne ya zama Antoni Janar a Najeriya, kuma shi an bar masa ikon tsayar da shari'a kafin a yanke hukunci. A tsarin nan kuwa, da zarar an miƙa wa alƙali, wanda ya miƙa ma ba ya iya karɓewa, don ba kayansa ba ne, riƙo aka ba shi.

Suka wuce shataletale. Sannan Alhaji ya ce, "Wato wani sarki da ya mutu tun kafin a haifi kakana, shi ne ya riƙe min yaro?"

Direban taksin, wani Bamale mai jin Hausa, ya fashe da dariya. Alhaji ya ce masa ya kula da tuƙinsa.

Duk da haka sai da ya je ofishin babban. Bai gan shi ba. Wani sakatare mai fara'a ya maimaita masa abin da aka riga aka gaya masa, har da ƙarin cewa Allah ya ba shi lafiya. Ya je wajen wani ɗan kasuwa a Akanda da aka ce ya san manya, aka ba shi lemo mai sanyi da haƙuri. Ya ɗauki lauya da kuɗinsa, ya ce a rubuta lauyan Taufiƙ ne. Lauyan ya ce bai taɓa ganin wanda aka karya yana biya wa wanda ya karya shi ba, Alhaji ya ce to yau ya gani, ya yi aikinsa kawai.

Kullum Hajiya Rakia sai ta dafa abinci an kai gidan yari. Malam Ilyas yana karɓar kwanon a bakin ƙofa ya ce an gode, ba ya ƙarawa. Ya sa an juya indararon tuni, ba tare da ya ce komai ba. Faɗan hantsi ya mutu, cin abinci tare ma ya mutu. Farkon wata ya zo ya wuce Taufiƙ yana ciki. Nazira ta je kamfanin da kanta ta roƙa, suka ce za su ɗan jira su ga yadda shari'ar za ta kaya.

Ranar shari'a Alhaji ya sha babbar riga, ya zauna a sahun gaba, a zatonsa shi ne mai magana. Da magatakarda ya kira ƙarar, bai ji sunansa ba. Ya zunguri Nazira, ta raɗa masa cewa ƙarar tsakanin jama'a ce da Taufiƙ, shi shaida ne kawai. Aka shigo da yaron cikin jerin waɗanda ake tuhuma. Ya rame, an aske masa kai, bai dubi ɓangarensu ba.

Tun a gida Alhaji ya yi niyyar cewa santsi ne ya kwashe shi, babu wanda ya taɓa shi. Nazira ta ce ya riga ya sa hannu a kan akasin haka, kuma ƙarya a gaban alƙali wani laifin ne. Don haka da aka kira shi, ya tsaya ya faɗi gaskiya, har da wadda ba a tambaye shi ba. Ya ce shi ya fara cin kwalar uban yaron. Ya ce duk ɗan halak abin da zai yi ke nan. Ya ce ya yafe, ya sake cewa ya yafe, ya juya ya faɗa wa 'yan kallo ma. Alƙali ya ce an rubuta, ya koma ya zauna.

Sai matar nan mai tabarau ta miƙe, yanzu cikin baƙar riga. Alhaji ya zuba mata ido yana jiran sharri. Ba ta yi ba. Ta ce laifi ya tabbata, dattijo ya karye, kuma gari ba zai zaunu ba idan kowa zai rama wa ubansa da hannu. Amma ta ce a duba cewa yaron bai taɓa laifi ba, tsokanarsa aka yi, kuma wanda aka raunata ya yafe da zuciya ɗaya. Ta roƙi kotu ta sassauta.

Alƙali ya yanke wa Taufiƙ ɗaurin da bai wuce zaman da ya riga ya yi ba, sauran watannin aka jingine. A ranar za a sake shi.

Dattawa suka hau hamdala tun a cikin ɗakin, har ɗan sanda ya tsawatar. Alhaji ya ji wani dutse ya sauka daga ƙirjinsa. Ya juya yana murmushi ya ga Nazira ba ta murmushi.

"Ke kuma lafiya? Ba an sake shi ba?"

"An sake shi, Baba. Amma an same shi da laifi, an kuma ɗaure shi. Zai fito a takardar da kamfanin ke jira."

"To a je a goge mana!"

Ta dube shi kawai, da idon wadda ta gaji da bayani. Wannan karon bai ce a kai shi wajen babba ba.

Kamfanin ya ɗauki wani. Ba su yi wulaƙanci ba, sun ce dokarsu ce, mai shiga tashar kaya sai da takarda fara. Taufiƙ ya gwada wasu wurare biyu, ko'ina ita ake fara tambaya. Malam Ilyas kuma hawan jini ya tasar masa tun lokacin zaryar gidan yari, likita ya ce ya rage zaman shago.

Ranar da aka kwance wa Alhaji ɗaurin hannu, ya fito shago da sassafe. Ya tarar an riga an buɗe na maƙwabcinsa. Taufiƙ ne a ƙofa, sanye da tsohuwar rigar aikin ubansa, yana fito da bokitai yana jerawa manya a ƙasa ƙanana a sama. Yaron da ya yi shekaru yana karatu don kada ya ƙare a wannan ƙofar. Alhaji ya tsaya da mukulli a hannu. Tausayi ya kama shi, da kunya, da wani haushi da yanzu ya san na waye.

Taufiƙ ya ajiye bokiti, ya russuna yadda aka koya masa. "Ina kwana, Alhaji. Ya ƙarfin hannu?"

"Da sauƙi." Ya matso kusa, ya rage murya. "Taufiƙ, ka san fa na yafe maka. Tun tuni. Har ga Allah."

"Na sani, Alhaji," in ji Taufiƙ. "An karanta a kotu."

Ya sunkuya ya ɗauki wani bokitin ya ɗora a kan jeri.